Rabin Tsoron Daga Gida Muke Zuwa da Shi

 Yau ba maganar tallafin karatu na zo da ita ba, ba kuma ta kuɗin haya ba. Maganar tsoro ce. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai ya samu sarari.

Duk wanda ya yi zaman hostel ya san cewa da zarar jarabawa ta matso, abu biyu ne ke yawaita: shayi da labarin aljanu. A yi karatu har ƙarfe ɗaya na dare, kai ya ɗau zafi, sai wani ya ce a ɗan huta. Ko a kunna fim ɗin ban tsoro a laftof, ko wani ya gyara zama ya ce, "Ai ni akwai abin da ya faru a garinmu." Bayan minti arba'in sai ka ga ƙato da gemunsa, mai digiri na biyu, yana neman wanda zai raka shi banɗaki, wai don fitilar wayarsa ba ta da haske. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a ka ita ce: me ya sa wani fim ɗin za ka yi ihu sau goma kana kallonsa amma kafin asuba ka manta da shi, wani labarin kuma da kakarka ta ba ka kana ɗan shekara takwas, babu hoto babu kiɗa, har yau in ka zo wucewa ƙarƙashin tsamiya da magariba sai ka ƙara sauri? Amsar da na samu ita ce, mai ba da labari rabin aikin kawai yake yi. Ɗaya rabin kai ne kake zuwa da shi, daga gidanku, daga ƙuruciyarka, daga abin da ka yi imani da shi. Bari in bi abin daki-daki.

Da farko mu raba razana da fargaba, domin Hausa ta raba su tun kafin a ƙirƙiro fim. Razana ita ce a yi shiru a yi shiru, sai a jefo maka fuska da ƙara mai ƙarfi. Wannan ba gwaninta ba ce, ko ƙaninka ya laɓe a bayan ƙyaure ya ce "kai!" zai samu hakan daga gare ka. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa ya buga ƙararrawa kafin tunani ya gama tantance abin da ido ya gani. Sai jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta hau dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe. Shi ya sa wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Amma razana ba ta kwana. Minti biyu ta wuce, har ka yi wa kanka dariya.

Fargaba kuwa ita ce ka san wani abu na nan tafe, ba ka san daga ina ba, ba ka san yaushe ba. Alfred Hitchcock, wanda ya shirya Psycho a 1960, yana da wani misali da aka san shi da shi. Mutum biyu suna hira a teburi, bam ya tashi ba zato: masu kallo sun razana na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Amma in ka fara nuna musu bam ɗin a ƙarƙashin teburin, ka nuna musu agogo, sannan ka bar mutanen nan suna hirarsu ta banza, to duk tsawon hirar cikin mai kallo a ɗure yake da ruwa. Fim mai kyau fargaba yake ginawa. Razanar sai can ba a rasa ba, don a ɗan sassauta igiyar a sake ja.

Abu na biyu shi ne ɓoyewa. Ku ɗauki Jaws na 1975. Kifin shak na ƙarfe da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole ta sa Steven Spielberg ya riƙa nuna ruwa kawai, da ƙafafun masu iyo daga ƙasa, da wasu gangunan roba masu ruwan ɗorawa suna gudu a saman ruwa, ga kiɗan John Williams mai sauti biyu yana ƙara sauri. Sai fim ya yi nisa sosai kafin ka ga kifin da kyau. The Blair Witch Project na 1999 ma ya fi haka rowa: ɗalibai uku sun ɓata a daji, ana jin motsi da dare, da safe a tarar da tsibin duwatsu a bakin tantinsu, har fim ya ƙare ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya.

Ba sai mun je Amurka ba. Waɗanda suka yi makarantar kwana sun san Madam Koi Koi. Me aka sani game da ita? Ƙarar takalmi mai tsini a baranda cikin dare, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana matsowa, sai ya tsaya daidai ƙofar ɗakinku. Ka tambayi mutum goma yadda fuskarta take, ba za ka samu biyu da suka yi daidai ba, don kowa da hannunsa ya zana ta. Da zarar an nuna maka dodo a fili, ya zama abu mai iyaka, kana iya cewa ai kwalliya ce, ai kwamfuta ce. Wanda ba a nuna ba kuwa, kai ne za ka ƙera shi, kuma babu wanda ya san inda ke yi maka ciwo kamar kai. Bahaushe ya gama magana da ya ce rashin sani ya fi dare duhu.

A nan ne kunne ya fi ido aiki. Ku gwada wannan: ku ɗauki wurin da ya fi ba ku tsoro a kowane fim, ku kashe sautin, ku sake kallo. Sai ku ga wata mata ce kawai sanye da farin kaya tana tafiya a hankali. Ido yana ganin gabansa ne, kuma kana iya rufe shi. Kunne yana jin abin da ke bayanka, kuma ba shi da murfi. Wanda ya kalli irin wannan fim da iyafis, shi kaɗai, a daren da babu wuta, shi ya san abin da nake faɗi.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi duka: abin da ka sani, amma ya ɗan karkace. Ku tuna labaran aljanun da muka taso da su. Ba a cika cewa an ga wata halitta mai kai bakwai ba. Ana cewa ne wani ɗan acaɓa ya ɗauki kyakkyawar yarinya da dare, ta yi sallama, ta yi ciniki kamar kowa, sai da ta sauka zai karɓi kuɗi ya kalli ƙasa ya ga kofato. Ko a ce ya kai ta gida ta shiga ɗauko kuɗi, ya gaji da jira ya yi sallama, mutanen gidan suka ce ai wadda kake kwatantawa an yi arba'in ɗinta tun makon jiya. Komai daidai yake, ban da abu ɗaya. Wannan abu ɗayan shi ke tayar da tsigar jiki.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Sigmund Freud ya yi rubutu a 1919 kan irin tsoron da ke fitowa daga abin gida, abin da aka saba da shi, idan ya juye ya zama baƙo. A 1970 wani masanin ƙera mutum-mutumi a Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa mutane suna ƙara son mutum-mutumi gwargwadon yadda yake ƙara kama da ɗan Adam, har sai ya kai wani matsayi da ya yi kama sosai amma bai cika ba, a nan sai so ya koma ƙyama da tsoro. Shi ya sa 'yar tsana da ke juyo da kai ta fi zaki ban tsoro a fim. Shi ya sa murmushin da ya wuce lokacinsa yake damun mutum. Kuma shi ya sa fim ɗin Japan ɗin nan, Ringu na 1998, ya yi tasiri: kaset ɗin bidiyo ne, wanda ya kalla sai waya ta yi ƙara, saura masa kwana bakwai, a ƙarshe abin ta cikin talabijin yake fitowa. Ka gama kallo, ka kashe, sai ka lura cewa irin akwatin nan ne a gabanka, a ɗakinku.

To yanzu ga inda zaman Kudu ya buɗe mini ido. A nan Ibadan nake karatu, ajinmu akwai Yarbawa, akwai Inyamurai, akwai 'yan Binuwai da 'yan Edo. Mukan zauna kallo tare, kuma na lura ba wuri ɗaya muke tsorata ba. Fim ɗin Turawa mai Dirakula, ko tsohon gida mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar dusar ƙanƙara, dukanmu kallon nishaɗi muke yi masa. Wa ya taɓa kwana a irin wannan gida a cikinmu? Amma ka ambaci Koto Aye, tsohon fim ɗin mayu na Yekini Ajileye, sai ka ga fuskar ɗan ajinmu Bayarabe ta canza, ya ce yana yaro ya yi kwanaki ba ya yarda ya kwana shi kaɗai. Ka ambaci Living in Bondage na 1992, inda Andy ya ba da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat, sai 'yan Gabas su yi shiru, domin kowannensu ya taso yana jin ana nuna wani gidan sama a garinsu ana raɗa. Da suka ba ni labarin abiku da ogbanje, yaron da ke mutuwa yana dawowa cikin uwa ɗaya, ban buƙaci dogon bayani ba, na ce ai mu ɗan wabi muke cewa. A wannan gaɓar tsoronmu ya zo ɗaya.

Ni kuma da na ba su labarin cewa a gidanmu ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba, ba a barin yara a waje in rana ta faɗi, ba a waƙa a banɗaki, sai suka ce to sai me? Babu abin da ya motsa a jikinsu. Amma ku da kuke karanta wannan, na san wasunku sun ji muryar mahaifiyarsu yanzu-yanzu. 'Yan Kano kuma ba sai na yi musu bayanin Sumbuƙa da makarantun 'yan mata na shekarun 1990 ba, sunan kawai ya isa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce finafinan ƙasashen Musulmi. The Exorcist na 1973 ya girgiza Amurka, amma da yawanmu in mun kalla gani muke rikicin wasu ne. Sai ka kunna Dabbe ko Siccin na Turkiyya, ka ji ana maganar aljani da sihiri, ka ji ana karanta ayoyin da kai ma ka haddace, nan take zama ya gyaru. Akwai na Indonesiya mai suna Makmum, na 2019, a ɗakin kwanan 'yan mata, inda mace za ta tayar da sallah ita kaɗai cikin dare sai ta ji kamar akwai mai bin ta a baya. Ɗan ajinmu da ba ya sallah ya kalla ya ce bai ga abin tsoro ba. Mu kuwa da muka san yadda shirun ɗaki yake in ka tashi nafila ƙarfe uku, kuma ka san ba ka da damar waiwayawa har sai ka yi sallama, fim ɗin bai ƙare a laftof ba. Ya bi mu har kan darduma. Kayan aikin iri ɗaya ne, duhu da shiru da jira. Abin da kowa ya zo da shi ne ya bambanta.

Akwai kuma dabarar mai ba da labarin. Gwani ba ya ɗaga murya, ba ya ƙawata magana. Yana faɗin sunan unguwa, da kwanar da abin ya faru, da cewa daren Laraba ne bayan an yi ruwa. Kuma kullum abin ya faru ne da ƙanin abokin wani, kusa yadda za ka yarda, nesa yadda ba za ka iya zuwa ka tambaya ba. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita, kowa ya san Gizo da Ƙoƙi ba su da gida a unguwarku. Labarin aljanu ba ya rufe ƙofa. Yana ƙarewa ne da "har yau dai ba a sake ganinsa daidai ba", sai a bar ka da shi.

Sannan ku lura, kusan kowane irin labarin nan akwai doka a ciki, akwai wanda ya karya ta. An ce kada a buɗe ɗakin, an buɗe. An ce kada a sare bishiyar, an sare. Fatalwar Merit ba yawo take yi ba, haƙƙinta take bi. Mu dai a aƙidarmu wanda ya mutu ba ya dawowa duniya yawo, amma mun yarda haƙƙi ba ya barin mutum, shi ya sa labarin yake kama mu duk da haka. Mai kallo yana zaune yana lissafin nasa dokokin da ya taka.

To me ya sa muke neman abin da kanmu? Domin tsoro ne mai linzami. Jiki ya yi duk abin da zai yi in da gaske ne, alhali ka san kana kan katifarka, kuma maɓallin kashewa yana hannunka. Ga daɗin taro: a tsorata tare, a yi dariya tare, a samu wanda za a tsokana har ƙarshen zango. Dariya kuwa ita ce maganin abin. Duk wanda ya kalli fim ɗin fatalwa na Indiya a fassarar Hausa ya san da zarar mai fassara ya saka wa aljanar baƙar magana irin ta 'yan tasha, tsoro ya tafi ke nan.

Kafin in zo inda na dosa, bari in taɓo dannau, don lokacin jarabawa ne yake yawan kama mutane. Ka farka, idonka biyu, kana ganin ɗakin, amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa, ƙirjinka kamar an ɗora buhu, wani lokacin har ka ga inuwa a bakin ƙofa. Likitoci sun san shi. A matakin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokacin hankali yakan riga jiki farkawa, sai a samu daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna kana tsakani. Rashin isasshen barci, da damuwa, da kwanciya rigingine suna ƙara jawo shi. Inuwar da kake gani kuwa, kowace al'umma da irin tata, kowa abin da ya taso da shi yake gani. Ka yi azkar ɗinka na kwanciya, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, 'yan uwanmu Kirista su yi addu'arsu, sannan a rage shayi da kofi na tsakar dare, a kwanta ta gefe, a samu barci. In abin ya yawaita har yana hana ka karatu, ka je asibitin makaranta, babu abin kunya a ciki.

Yanzu ga dalilin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan. Kayan da ake haɗa fim ɗin ban tsoro da su, da su ake haɗa jita-jita. A 2004 labari ya cika ƙasar nan cewa akwai lambar waya da in ka ɗauka za ka mutu, ya sake dawowa a 2011 har sai da hukumar sadarwa ta ƙasa ta fito ta ƙaryata. Ku duba da kyau, ai Ringu ne aka cire kaset aka sa waya. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, cikin dare aka riƙa tashin mutane a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin gari ya waye, wasu suka ƙare a gadon asibiti. Dare, gaggawa, abin da ba a gani, da wani wanda ya ji daga wani. Haka maganar satar mazakuta, da ke tashi lokaci zuwa lokaci: an gaisa, wani ya yi ihu, kafin a kai ga likita an riga an yi wa bawan Allah jina-jina. Haka tsohuwar da ba ta da kowa a ƙauye, da yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta, shi ke nan ta zama mayya.

A fim, gurbin da aka bar maka da fatalwa kake cike shi, ka kashe laftof ka kwanta. A saƙon murya na WhatsApp, da fuskar mutum kake cike shi, kuma yawanci fuskar baƙo ce, wanda ba ka jin yarensa. Mu da ke zaune a garin wasu ya kamata mu fi kowa gane wannan. Da yawanmu mun sauka a Kudu da guzurin labarai, kada ka ci abincinsu, kada ka shiga motar da ba ka sani ba, duk matsafa ne. Taka-tsantsan wajibi ne, ban ce a yi sakaci ba. Amma ku sani su ma an yi musu irin wannan guzurin a kanmu. A wani labarin da ake bayarwa a wani ɗakin, ɗan uwanka mai tura baro a Bodija, ko mai sayar da tsire a Sabo, ko kai da hularka da jakar laftof, ku ne inuwar da ke bakin ƙofa. Ranar da aka yi ihu a kasuwa, babu wanda zai tsaya tambayar katin makarantarka.

Saboda haka in saƙo ya shigo zauren ƙungiyarmu ƙarfe sha biyun dare, murya tana rawa, ana cewa a tura wa kowa yanzu-yanzu, ka tsaya ka yi masa tambayoyin da za ka yi wa fim. Wa ya gani da idonsa, yana da suna, ana iya kiransa? Me aka ɓoye mini aka bar ni in ƙarasa da kaina? Wace fuska nake shirin sakawa a wurin, kuma daga ina na samo ta? In babu amsa, ka bar shi a wayarka har gari ya waye, ka kira shugabannin ƙungiya ko wani babba a Sabo ya bincika. Mu da ake koya wa kada mu rubuta jimla ɗaya a kundin bincike ba tare da madogara ba, bai kamata a same mu muna yaɗa abin da zai iya jawo a taɓa ran wani ba.

Fim kuwa a ci gaba da kallo, labarin aljanu a ci gaba da bayarwa, ni ma ina sahun gaba. Wanda garinsu ke da wani labarin da ya fi na mai kofato, ya kawo mana shi, musamman 'yan Sakkwato da 'yan Borno, an ce naku ba a jin sa a kwana lafiya. Sai dai a bari sai an gama jarabawa. Allah Ya ba mu sa'a, Ya tsare mu daga sharrin abin da muke gani da wanda ba ma gani, Ya mayar da mu gida lafiya da abin da muka zo nema.